Amsa-kuwwar da Muka Ɗaura a Gawon Kawu

Mu uku ne a ɗaki ɗaya lokacin da muke jami'a a Yamai: ni daga Dogon Dutsi, abokina na farko daga Matankari, na biyun kuma Bafillace ne wanda iyayensa ke kiwo a yankin Tibiri. Ya kamata in faɗa tun farko cewa babu ɗayanmu da ya karanta fannin lantarki, don kada a ɗora wa malaman fannin alhakin abin da ya biyo baya. Ni lissafi na karanta, ɗan Matankari labarin ƙasa, Bafillacen kuma shari'a. Sha'awa ce kawai ta haɗa mu. Ƙarƙashin gadajenmu cike yake da matattun rediyo da fitilu da cajojin salula, ɗakin kuma ba ya rabuwa da warin dalmar da muke narkawa muna liƙa wayoyi. Maƙwabta kan kawo mana abin da ya lalace. Wasu abubuwan sun gyaru, wasu sun ƙarasa mutuwa a hannunmu. Ban riƙe ƙididdiga ba, saboda haka ba zan ce wane ɓangare ya fi yawa ba, ko da yake ina da zato.

Aikin kowa a rabe yake. Ɗan Matankari shi ke kawo dabara, kuma ba ya rasa ta. Ni nake duba ko za ta yiwu. Bafillacen ke riƙe waya yana zolayarmu, domin tsakanin Fulani da mu Arawa akwai wasa tun na kakanni, shi kuwa ya ɗauki wannan gado da muhimmanci fiye da karatun shari'a.

A hutun damina na shekararmu ta biyu muka sauka gidan kawuna, ƙanen mahaifiyata, a wani ƙauye tsakanin Tibiri da Kore Mairuwa. Hatsi ya yi kyau a shekarar, zangarniya ta fara cika, sai jan-baki suka sauko. Tsuntsaye ne ƙanana, amma garke guda yana iya mai da gona kara zalla kafin mai ita ya gama salati. Gonar nan ita ce cimakar gidan kawu ta shekara, ba shi da wata. 'Ya'yansa manya sun tafi ci-rani ba su dawo ba, ga ciwon gwiwa da ke hana shi zagaya gona yana kaɗa gwangwani tun safe har yamma.

Kawu mutum ne mai sanyin magana. A ƙauyen an san shi da cewa ko akuya ce ta shiga gidansa, lallashinta yake yi ta fita. Amma ranar da muka raka shi gona, na ji wani kawu dabam. Da garken ya sauka, sai ya buɗe murya ya ce: “Ku tashi, ɓarayin banza marasa kunya. Wa yak kira ku? Gonar ubanku ta?” Tsuntsayen suka tashi gaba ɗaya. Ɗan Matankari ya dube ni, na kuwa gane dabara ta zo masa.

Dabarar ita ce mu naɗi muryar kawu a salula, mu zuba ta a ɗan katin ajiya, mu haɗa da amsa-kuwwa da batir da ƙaramin fano mai ɗaukar hasken rana, na'urar ta riƙa yi wa kawu ihu yana hutawa. Kawu ya yi jinkirin yarda. Ya ce zagin tsuntsu abu ne da ake yi a bar shi a daji, bai san ana adana shi ba. Da jan-baki suka sake sauka a gabansa, ya manta da wannan ra'ayi, muka samu abin da muke so.

Matsalar farko batir ce. Idan na'urar ta yi ta ihu ba tsayawa, kafin azahar ta mutu. Sai ɗan Matankari ya fito da wani ɗan farin ido na roba da ya ciro daga lalatacciyar fitilar ƙofa, irin wadda ke kunna kanta idan an gifta. Ya ce da shi na'urar ba za ta yi magana ba sai tsuntsu ya zo. Ni na dage cewa sai an gwada kafin a kai gona, domin ba na son aikin zato. Muka gwada a tsakar gida. Jan-baki ba ya kamuwa, saboda haka aka kamo kazar matar kawu, ɗan Matankari ya rungume ta ya gifta gaban idon, muryar kawu ta tashi. Ya sake giftawa ta wancan gefen, ta sake tashi. Na sa aka canza kaza, aka kawo zakara, sakamako bai canza ba. Na gamsu. Babu wanda ya lura a cikinmu cewa a kowane gwaji akwai ƙaton saurayi a bayan kazar, kuma shi idon yake gani.

Wurin ɗaurawa ma sai da muka yi shawara a kansa. A tsakiyar gona hatsi ya fi mutum tsawo, zai yi wa fanon inuwa. A bakin gona kuwa akwai gawo, wanda ke zubar da ganye da damina, rana na ratsa shi sosai. Ta fuskar lantarki babu wurin da ya fi shi, a kansa muka ɗaura na'urar. Ta ƙarƙashin gawon nan ne hanyar kasuwar Kore Mairuwa ta bi. Mun ga hanyar, mun ma tsaya a kanta muna miƙa wa juna waya, amma ba ta shiga lissafinmu ba.

A ƙasarmu ba a wuce gona a yi shiru. Ko ba ka ga mai ita ba, idan hatsi ya rufe shi, kana ɗaga murya ka ce sannu da aiki, shi kuma ya amsa daga ciki. Ranar kasuwa kawu ya ga ya samu mai gadi, ya hau amalanke da sassafe ya tafi sayen maganin gwiwa. Mu kuma muna gida muna buɗe wata rediyo. Abin da ya faru a bakin gona ban gani da idona ba. Na tattaro shi daga bakin waɗanda abin ya shafa, kuma inda suka saɓa, na ɗauki abin da ya fi sauƙi.

Mata masu tallar nono ne suka fara wucewa, suka yi sannu, aka kira su ɓarayin banza. Wani mai awaki ya biyo baya, aka tambaye shi ko gonar ubansa ce. Sai hantsi ya yi, surukin kawu, mahaifin matarsa, ya iso a kan jakinsa. Dattijo ne da ya girmi kusan kowa a wannan yanki, kuma kawu bai taɓa haɗa ido da shi ba, bai taɓa cin abinci a gabansa ba. Tsohon ya yi sannu da aiki. Muryar mijin 'yarsa ta amsa masa daga sama. Ya tsai da jaki, ya yi tsammanin ba a gane shi ba ne, ya matsa kusa ya faɗi ko shi wane ne. Matsawar da ya yi ta sake tayar da na'urar, aka maimaita masa komai daga farko, har da tambayar ƙarshe.

Tsohon ya kaɗa jaki ya ci gaba. Yana shiga kasuwa, mutum na farko da ya gani a rumfar mai magani shi ne kawu, wanda ya durƙusa da ciwon gwiwarsa yana gaishe shi. An ce tsohon ya daɗe yana kallonsa, sannan ya tambaye shi ta wace hanya ya biyo. Kafin la'asar magana ta kasu biyu a kasuwa. Wasu suka ce kawu yana da gudun da yake ɓoyewa. Wasu suka ce aljana doguwa ce ta sauka a gawon tana aron muryar mutane, kuma dama gawon ba su taɓa yarda da shi ba. Wani matashin ɗan kasuwa ya yi wa masu wannan magana wa'azi a kan camfi, ya hau babur ya je ya gani da kansa, ya dawo da nasa rabon zagin.

Da kawu ya dawo gida bai yi faɗa ba, abin da ya fi faɗan nauyi. Ya zauna ya ce a sauke abin. Na yi masa bayanin cewa idan an sauke, hatsin ya koma hannun jan-baki, shi kuma gwiwarsa ba za ta kai shi girbi ba. Ya ce ya sani. Ya ce yunwa ana fita daga cikinta, amma bai san yadda zai sake bi ta ƙofar gidan surukinsa ba. Matarsa tana bakin murhu, na ga kafaɗunta na rawa, kuma ba na jin kuka take yi.

Bafillacen ne ya ce kafin a sauke, a bari wanda aka zalunta ya ga mai laifin, haka shari'a ta tanada. Ya ƙara da cewa a rugarsu ma saniya ba ta zagin surukinta, sai Arawa da suka yi boko suka ƙera injin yin hakan. Ɗan Matankari ya ce masa: “Kai da ka riƙe wayar, Bafillace, da wa za a fara ɗaurewa?” Ya amsa cewa shi ɗan kallo ne, an ba shi waya ya riƙe.

Washegari muka je gidan tsohon, muka gaishe shi, na yi bayani. Na fara daga hasken rana da yadda yake zama wuta, domin ina son ya fahimci abin daga tushe. Ya saurare ni har na kai batir, sannan ya ce mu tafi gonar. Mutane suka biyo mu. Kawu ya tsaya can nesa, ya juya baya. Tsohon ya gifta gaban gawon, aka zage shi. Ya dawo, aka sake. A daidai lokacin wasu jan-baki suka sauka a kan amsa-kuwwar kanta suna gyara fuka-fukai, na'urar ba ta ce musu komai ba. Ina jin a nan ne mu ukun muka tuna da kazar.

Tsohon ya tambaya ko abin yana sanin wanda yake zagi. Na ce ba ya sani. Ya tambaya ko dole sai muryar kawu. Na ce kowace murya za ta yi. Sai ya ce: “To ku hidda tashi ku sa tawa. Shi yaro na, ba ya da bakin zagin kowa bisa hanyag ga. Ni kau duk wanda za ya wuce nan, ko na goya shi ko na goya ubanai.”

Muka naɗe shi a nan ƙarƙashin gawon. Na roƙe shi ya taƙaita saboda batir, bai taƙaita ba. Tsuntsaye jimla ɗaya suka samu. Sauran jawabin ya tafi ga masu sakin jakai a gonar mutane, da samarin da ke wucewa a kan babur ba sallama, da masu zuwa kasuwa ba abin saye ba abin sayarwa, da wani taubashinsa da bai ambaci sunansa ba amma ya siffanta hularsa. Sai da muka ƙara batir na biyu.

Daga ranar bakin gonar kawu bai sake zama ba mutane ba. Masu wucewa kan tsaya su saurara har ƙarshe, wasu su mayar da martani, wasu su koma baya su sake giftawa don su ji wurin da ya shafi maƙwabcinsu. Aka riƙa kawo baƙi ba tare da an gaya musu komai ba. Taubashin mai hula ya zo da kansa ya tsaya yana ramawa da ƙarfi, jama'a na dariya. Jan-baki ba sa son hayaniya, suka bar wannan gefen. Kawu ya ɗauki tabarmarsa ya koma can ƙarshen gonar, inda ya rage masa ɗan yankin da gwiwarsa za ta iya, kuma inda babu hanya, balle a ji abin da yake gaya wa tsuntsaye.

Hutu ya ƙare kafin girbi, muka koma Yamai. Daga baya kawu ya kira ni ya ce hatsi ya shiga rumbu, an yi asarar wata kusurwa ta gabas, sauran ya tsira, kuma ya aika wa surukinsa dami mafi kyau. Ɗan Matankari ya so mu ba da labari a jami'a cewa mun ƙera na'urar korar tsuntsaye. Na ƙi. Na ce abin da zan iya tsayawa a kansa shi ne mun ƙera na'urar tara mutane, mutanen kuma wataƙila sun kori tsuntsaye, domin ba mu da wata gona irinta da aka bari ba na'ura don a kwatanta. Ya ce da irin wannan magana ba za a taɓa ba mu lambar yabo ba. Bafillacen ya ce shi dai a rubuta cewa waya kawai ya riƙe, ya jawo tukunyar shinkafa gabansa ya fara ci ba tare da ya jira mu ba.