Rumbun Babana, Hatsin Alhaji

A gidanmu mace ba ta leƙa rumbu. Ba wanda ya zauna ya kafa wannan doka, haka muka tashi muka tarar a Madarumfa. Idan an gama girbi, maigida zai zuba damman gandu a babban rumbu, ya ɗora masa jinka ya ɗaure, ba mai sake taɓa shi sai ruwan shuka ya sauka. Wannan hatsin shi ne ƙarfin damina, shi za a ci a yi noma. Rani kuwa na mata ne. Kowace ta riƙe tukunya da ɗan abin da ta samu a gamanarta, wato 'yar gonar da aka yanka mata, da awakinta, da sana'ar hannunta.

A shekarar da nake ba da labari aurena ya mutu, na dawo gida da 'ya'ya biyu da kaskon suya. Ina sayen tarwaɗa a bakin tabki, in soya in sayar a tasha. Yayyena maza sun daɗe da tafiya nema, ɗaya Legas ɗaya Agadas, ko waya sai an yi sa'a. Saboda haka gidan daga babana sai innata sai ni da yaran.

Damina ta yi kyau a waccan shekara. Da idonmu muka ga amalanke tana kai da kawowa, babana yana jera damman gero har rumbu ya cika ya ɗaure. Abu ɗaya ne ya ba innata haushi: ya ce ya sayar da harawar wake da ta gyaɗa gaba ɗaya, bai rage wa awakinta ko runguma ɗaya ba. Ta yi mita ta gaji. Da rani ya miƙa, hatsin gamanarta ya ƙare, sai ta shiga sayar da awakin ɗaya bayan ɗaya, da ma ba abin ba su. Duk sanda na ce ta rage hannu, sai ta nuna rumbu da haɓa ta ce, "Mi kike tsoro? Ruwa na sauka mun huta."

Da bazara aka yi wata iska da la'asar, irin mai zuwa da ƙura ba ruwa, ta yaye jinkar rumbun ta jefar bayan danga. Kafin babana ya dawo daga masallaci sai ga wani ƙato da sabuwar igiya da damin shuci, ya yi sallama a tsaitsaye ya haye rumbunmu yana gyara. Na san shi. Dillalin wani Alhaji ne mai sayen hatsi, wanda ke da sito a nan garin da wani a Ɗan Issa. Alhajin nan ko almuru ta yi maka a ƙofarsa ba zai ba ka ruwan alwala kyauta ba, yau shi ne mai tausayin jinkarmu. Na ce a raina, ruwa ba ya tsami banza.

Washegari na bi babana gona, na tarar yana sassabe. Ban iya kwana-kwana ba, shi ya sa ma aurena bai yi ƙarko ba. Na ce, "Baba, hatsin wa ke cikin rumbunmu?"

Ya ajiye gatarinsa. Sannan ya zauna a ƙasa ya faɗa mini komai.

A daminar da ta wuce, kafin in dawo gida, innata ta kwanta ciwo har aka yi mata aiki a asibiti a Maradi. Ba ko dala a gidan. Babana ya je wurin Alhaji, Alhaji ya ce shi ba ya ba da bashi da ruwa, haramun ne, shi hatsi yake saye. Ya sayi geron babana tun yana kore a gona, a farashin da ko kaza ba za ta yarda a saye ta ba. Mutanenmu suna kiran wannan ciniki a-ci-ba-daɗi, kuma wanda ya raɗa sunan ya ɗanɗana. Da aka yi girbi aka ƙidaya, sai gonar gaba ɗaya ta tafi a biya. A nan ne Alhaji ya nuna nasa kirkin. Ya ce ba zai tona asirin dattijo ba, a zuba hatsin a rumbun babana kamar kowace shekara, maƙwabta su gani, iyali su gani, ya zauna nan har farashi ya tashi. Ladar rufin asirin kuwa ita ce harawar nan da aka ce mana an sayar.

Na lissafa a tsaye. Mutumin ya sami hatsi a banza, ya sami sito kyauta, ya sami mai gadi da ba ya barci, ya kuma kwashe abincin awakin uwata. Babana kuma har godiya ya yi masa. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ban yi masa faɗa ba.

"Kar ki gaya ma innarki," in ji shi. "Don ita na ci. In ta ji, sai ta ce da an bar ta ta mutu. Wataƙila yayyenki su aiko kahin ruwa."

Na ce masa akuya ɗaya ta rage mata, mai ciki, kuma kasuwa mai zuwa za ta kai ta. Ko ya faɗa mata ko ni in faɗa. Bai faɗa ba. Ranar jajibirin kasuwa muna daka na faɗa mata, ban rage komai ba. Ba ta ajiye taɓarya ba. Ta ci gaba da daka har tsakin ya koma gari, ta tankaɗe, ta dama fura ta kai wa babana da hannu biyu kamar kullum. Ba ta nuna masa ta sani ba, akuyar dai ba ta je kasuwa ba.

Yayyena ba su aiko ba. Ruwan shuka ya sauka, gari ya cika da ƙamshin ƙasa, kowane gida ana kwance rumbu. Da hantsi motar Alhaji ta tsaya a ƙofarmu. Aka shimfiɗa masa tabarma, ni da innata muna bayan zana muna ji. Muryarsa mai daɗi ce, wannan ba zan hana shi ba. Ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ya ce shi ba zai iya kwashe abinci daga bakin jikokin dattijo ba. A buɗe rumbu a ci, ba wanda zai san komai. In kaka ta yi, kowane dami a mayar masa da biyu. Sai dai saboda halin rai, a ba shi jinginar gonar bakin tabki ya riƙe har a gama biya.

Gonar bakin tabki ita ce gonar. Ita ce mai riƙe laima, ita ake yi wa lambu da rani, a cikinta aka binne cibiyar babana. Kuma a garinmu ban taɓa ganin gonar da ta shiga hannun Alhaji ta fito ba.

Babana ya buɗe baki zai amsa, sai innata ta yi magana ta bayan zana, ita da ban taɓa jin ta sa baki a zancen maza ba.

"Alhaji, a kawo amalanke a kwashe. Yanzu, da rana tsaka."

"Hajiya, ki yi tunani," in ji shi, ko da yake ko filin jirgi ba ta taɓa gani ba. "Mutane za su gani."

"Su gani. Kunya ba ta kashe kowa ba."

 Kafin azahar amalanke uku suka zo. Unguwa ta fito, masu tausayi da masu kallo, aka yi ta fitar da damman da muke taƙama da su tun kaka. A ranar na yi alfahari da uwata har na yi kuka. Na ɗauka mun ci nasara.

Yunwa ba ta san wannan ba. Babana, da furfurarsa, ya koma ƙwadago a gonakin mutane da safe don tiya ɗaya ta gero, sai da yamma ya je tamu da ragowar ƙarfinsa, ciyawa kuwa ba ta jira. Kifi ya yi tsada, masu saye suka ragu, uwar kuɗina ta narke a tukunya. Akuyar ta haihu, muka sayar da ita da 'ya'yanta. Muka koma cin ganyen tafasa da yaɗiya, da garin rogo in an samu. Mu manya mun iya ɗaure ciki. Ƙaramar 'yata ce ta fara daina wasa. Gashinta ya yi ja, ƙafafunta suka kumbura, ta daina ma kuka, sai ta zauna a jikin danga tana bin mai wucewa da ido. Gero kuwa ko kai bai fitar ba.

Wata safiya innata ta ɗauki yarinyar za ta yi mata wanka. Ta danna yatsa a ƙafarta, wurin ya lotsa bai dawo ba. Ta daɗe tana kallon wurin. Sannan ta miƙo mini ita, ta je inda babana ke ɗaura wa hauya ƙota zai fita ƙwadago, ta durƙusa.

"Malam, aje hauyar nan. Tashi ka tahi wurin Alhaji."

Ya ɗago ya dube ta. "Sai da gonar zai yarda."

"Na sani."

Da yamma amalanke ta shigo da gero. Namu ne, na gane ɗaurin babana a jikin damman. Dillalin ya ce yanzu kowane dami uku ne, ba biyu ba, tunda farashi ya tashi, kuma Alhaji ya ce a tuna da kuɗin amalanke, na ɗauka da na mayarwa. Innata ta zare zangarniya ta shiga sussuka, ni na hura wuta.