Kunne Ɗaya Ya Rage Mata, Ya Sayo Mata Na Bakin Titi

Wata rana aka kai wata tsohuwa wurin likitar kunne. Sunanta Tabawa, mutuniyar Funtuwa.

Ba ciwo ne ya lalata mata ji ba. Aiki ne.

Tun da mijinta ya rasu ya bar ta da yara biyu, injin markaɗe ta kafa a zauren gidansu. Daga hantsi har la'asar tana sunkuye a kansa. Tattasai, waken ƙosai, geron kunu, kowa ya kawo ta zuba. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da injin nan ya san ko sallama sai da ɗaga murya. To ita a cikin wannan rurin ta tsufa.

Da injin ta ciyar da su. Da shi ta kai babban, Ashiru, har jami'a. Da shi ta yi wa ƙaramar, Zinatu, kayan ɗaki.

Zinatun ce ta kai ta asibiti, lokacin da ta zo ganin gida daga Fatakwal inda take aure.

Likita ta duba, ta gwada, ta faɗa musu gaskiya. Kunnen hagu ya tafi. Na dama akwai saura, ba yawa, sai an lallaɓa shi. Ta ce tunda rayuwar tsohuwa yanzu a waya take, a samo mata hedifon mara igiya, wannan da ake kifawa a kunne. Amma mai kyau, irin wanda yake fito da murya tas ya danne hayaniya, yadda za ta ji magana ba sai ta ƙure ƙara ba. Ta nanata musu cewa ƙarar ce abokiyar gabarta.

Tabawa ta dawo gida da murna a ranta, don akwai abin da take jira.

Zinatu tana da 'ya, takwarar Tabawa, ana ce mata Walida. Yarinyar ta kusa saukar Alƙur'ani. Gwiwar tsohuwa ba za ta kai ta Fatakwal ba, sai aka yi mata alkawari ranar walima za a kira ta a bidiyo, ta ga jikarta, ta ji karatunta da kunnenta.

Wannan kaɗai take roƙon Allah ya nuna mata.

Kafin Zinatu ta koma ta kira yayanta ta faɗa masa duk abin da likita ta ce. Ya ce ta bar masa, ai ƙaramin abu ne.

Bari ku ji ko wane ne Ashiru.

Babban ma'aikaci ne a Kaduna. Irin mutanen nan da turarensu ke riga su shiga ɗaki. Makullin mota kullum a yatsa ana juya shi. A kunnensa kuwa akwai wasu 'yan farare guda biyu da ba ya rabuwa da su, ko gaisawa za ku yi sai dai ya zare ɗaya. Kafin ya saye su sai da ya yi ta bincike, ya tambayi wannan ya tambayi wancan, ya sa aka aiko masa daga waje, ya zauna ya jira.

Na uwarsa fa?

A cunkoson motoci ya saya. Ko fitowa daga mota bai yi ba. Ya sauke gilas rabi, mai talla ya miƙo masa wani ja mai ƙyalli a leda, suka hau ciniki har hanya ta buɗe, mai tallar ya bi motar da gudu kafin a sallama. Kuɗin bai kai na tsiren da yake ci da yamma ba.

Abokinsa da ke gefe ya ce anya kuwa. Shi kuma ya ce tsohuwa me za ta ji da shi, ai daga wa'azi sai gaisuwa.

Ku ji min ɗa.

Ya zo Funtuwa, ya kifa mata a ka, ya ɗauke ta hoto, ya sa a sitatus da dogon rubutu a kan darajar uwa. Mutane suka yi ta cewa ɗan albarka. Bai tsaya ya saka a nasa kunnen ya ji yadda abin yake ba. Bai kira wayarta ya gwada ba. Ya ci tuwo, ya wanke hannu, ya juya makulli.

To ga inda ku yaran yanzu ba za ku gane ba sai an faɗa muku.

Ashiru ɗan fari ne. Tabawa kuwa 'yar da ce, mai kunyar ɗan fari. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai ta ce wancan na Kaduna. Ba ta haɗa ido da shi. Ba ta roƙonsa komai. Balle ya kawo mata abu da hannunsa ta buɗe baki ta ce ba shi da kyau. Ko dutse ya ajiye mata, albarka za ta sa masa.

Abin kuwa ba ya yi.

Da ta kunna sai ya kama shuuu, kamar an zuba ruwa a mai mai zafi. Maganar mutum tana can ƙasa, a binne. Ta ji farkon zance, tsakiya ya yanke, ƙarshe ya dawo. In ta juya kai ya ɗauke. Caji kuwa kafin ta gama gaisawa da mutum biyu ya ƙare, kuma ba ya ƙarewa da mutunci, sai wata mata a ciki ta kwatsa mata Turanci a tsakiyar kunne har ta zabura.

Me za ta yi? Ta gano ɗan maɓallin ƙara murya.

Ta danna, maganar ta ɗan taso, shuuu ɗin ma ya taso tare da ita. Ta ƙara dannawa. Kwana ya yi kwana, sai ya zama ba ta saka shi sai a ƙure. Ta tuna abin da likita ta ce, ba wai ta manta ba. Amma in ta rage ba ta jin komai, in ta ajiye kuma kamar ta raina kyautar ɗa ne.

Sai kunnen ya fara yi mata kuka. Ko ta cire abin, tana jin injin markaɗe na juyawa a cikin kanta, alhali injin ta daɗe da sayar da shi.

Wata maƙwabciyarta da ta ga tana yawan dafe kunne ta ce ta faɗa wa yaron mana, ya canza mata. Tabawa ta ce a'a, ya yi ƙoƙari, yana da hidima da yawa. Maƙwabciyar ta ce to ta faɗa wa Zinatu. Ta ce ita ba za ta kai ƙarar wa wurin ƙanwarsa ta haɗa su faɗa ba.

Shi kuma in ya tuna ya kira, tambayarsa ɗaya ce, abin yana yi ko. Ita ba ta jin me yake cewa. Ta dai san in gunjin ya tsaya, lokacinta ne na magana. Sai ta ce madalla, Allah ya yi albarka. Ya kashe waya yana jin kansa, wai ya gama da uwa.

Mutum mai digiri. Bai taɓa lura amsarta ɗaya ce ko me ya faɗa ba.

Ranar walima ta zo.

Tun safe Tabawa ta sa abin a caji. Ta yi wanka, ta ɗaura sabuwar atamfa, ta sa kwalli. Ta aika aka kira mata maƙwabta biyu su zo su taya ta gani. Suka zauna a tabarma, aka jingina waya da kwano.

Sai ga Walida. Farin hijabi har ƙasa, allo mai zayyana a cinya, mata cike a bayanta. Zinatu ce ke riƙe da wayar. Yarinya ta gyara zama ta buɗe baki.

Shuuu.

Tabawa ta danna maɓalli. Ta danna. Ta danna har ba sauran inda za shi. Ta dafe abin da hannu biyu tana matsa shi a kunne, ko za ta tsamo muryar daga ciki. Tana cikin haka ya saki wani ƙara siriri mai tsini, kamar an soka mata allura har ƙwaƙwalwa.

Daga nan sai shiru.

Ta ɗan ɗaga shi kaɗan. Maƙwabciyarta na gefe tana magana, ga bakinta na motsi, amma kamar daga ƙarƙashin ruwa. Tabawa ta juyo. Ta dubi waya, ga jikarta tana ta karatu, ga mata na share hawaye.

Sai ta mayar da shi kunne, don kada ta ɓata wa yarinya ranarta.

Ta yi murmushi. Ta kama gyaɗa kai a hankali, yadda mai sauraron karatu yake yi.

Walida ta kai aya ta rufe baki. Malam ya ɗaga hannu, kowa ya ɗaga, aka shiga addu'a. Tabawa idonta ya cika da ruwa ba ta gani sosai, tana nan tana gyaɗa kai ita kaɗai, tana bin karatun da aka riga aka gama.

Zinatu ta gani. Nan take ta gane uwarta ba ta jin komai.

Ba ta jira an gama rabon abincin biki da kwashe kujeru ba, ta nemi mota. Ta iso Funtuwa, ta kira yayanta ta ce ya same su a asibiti, ba roƙo ba ne.

Likita ta sake gwada kunnen. Ta karɓi jan abin, ta kunna, ta kai kusa da nata kunnen ta yi sauri ta janye. Ta ce tsufa da injin sun riga sun ci rabonsu tun da, wannan ba laifin kowa ba ne. Amma watannin nan na ƙure ƙara sun ci daga ɗan abin da ya rage, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa.

Ashiru yana tsaye, 'yan fararensa a kunne. Ya zare ɗaya ya fara kare kansa.

"Ai ba ta taɓa ce min ba ya yi ba."

"Yaya, tun da ta haife ka me ta taɓa ce maka? Naka a ina ka saya?"

"Wannan ai na aiki ne."

"Nata kunnen a wajen wasa ya mutu?"

Ashiru ya zare ɗayan ma ya sa a aljihu.

Tabawa tana zaune a tsakiyarsu, kanta a ƙasa. Ba ta ji ko ɗaya ba. Ta dai ga fuskar 'yarta, ta san an yi abin da take gudu, sai ta ja mayafin Zinatu alamar ta bari.

Washegari sai ga Ashiru da hedifon na gaske. A babban shago ya saya wannan karon, da ƙafarsa ya shiga. Kwali mai nauyi, ciki da laushi, har da takardar garanti. Ya ce kuma zai sa a yi mata na'urar ji ta asibiti, ko nawa ce.

Da kuɗin ashe. Tun farko da kuɗin.

Zinatu ta saita shi daidai inda likita ta nuna, ta kifa wa uwarta. Ba shuuu, ba yankewa, ba matar Turanci. Ta nemo bidiyon walimar da aka ɗauka ta kunna mata.

Tabawa ta rufe ido. Ta daɗe a haka.

Tana jin wani abu yana hawa yana sauka, can nesa, kamar ruwan sama a kwanon wata unguwa. Ta san karatu ne. Harafi ko ɗaya bai iso ba.

Da aka gama ta buɗe ido, ta cire shi a hankali ta ɗora a cinya. Ta dubi 'yarta ta ce, "Zinatu, muryar tata siririya ce, ko irin taki ce?"

Ashiru yana bakin ƙofa da kwali a hannu. Babu wanda ya dube shi.

Darasi:

'Ya'yana, kunnen da ya yi rauni ba wurin neman sauƙi ba ne. Kai mai lafiyayyen kunne ka saka na bakin titi, in ya lalace ka jefar, asararka ke nan. Tsoho in ya saka, sai ya ƙure ƙara kafin ya tsinci magana, kuma da sauran jinsa yake biya.

In za ka saya wa iyayenka, ka tambayi likita, ka shiga shago da ƙafarka, ka saka a naka kunnen ka ji. Ka zauna ka kira wayarsu ka tambaye su abin da madalla ba za ta amsa ba. In ba ka da halin mai kyau, ka faɗa, 'yan'uwa su haɗa hannu, babu abin kunya a ciki. Abin kunya shi ne naka daga waje, nata daga tagar mota, sannan ka sa hoto.

Ku kuma tsofaffi 'yan'uwana, kunya ado ce, ban musa ba. Amma in abu yana cutar da ke, ki buɗe baki ko ta bakin wani ne. Yaran nan ba sa karanta shiru.

Wanda ya karanta ya tura gaba, ya jefa a guruf ɗin gidansu. In akwai mai irin halin nan a ciki ba sai an kira suna ba, zai gane kansa.