Rigar Gobe

A Maigatari na koyi saƙa, wajen wata maƙwabciyata 'yar Damagaram, lokacin ina sayar da tuwo a bakin tashar manyan motoci. Kibiya biyu da ƙullin ulu, shi ke nan. Ban yi karatu ba, da yatsu nake awo. A saƙa baya, a saƙa gaba biyu, a yi hannuwa, a haɗa da allura, a ɗinka maɓalli.

Ɗana na biyu na fara yi wa rigar sanyi. Na yi ta da girma don ya daɗe yana sawa. Bai kai yaye ba. Rigar ta yi shekara da shekaru a ƙasan akwati, hannunta a naɗe. Tun daga nan na daina yi wa jariri rigar gobe. Daidai jikinsa na yau nake yi, ko yatsa ba na ƙarawa.

'Yata ta fari tana aure a Gagarawa. Da sanyin bara waccan ta haifi bakwaini a asibitin Gumel, aka kawo mini su gida, garin Sule Tankarkar, wankan jego. Yaron bai fi tafin hannuna biyu ba. Kayan da ubansa ya sayo duk sun haɗiye shi, iska tana shiga ta wuya ta fita ta ƙafa. Na warware tsohuwar suwaitata, na wanke zaren, na zauna a rana bakin ƙofa.

'Yar fari ce, ba na kiran sunanta, ba ma doguwar magana. Abin da zan faɗa mata, jikan nake gaya wa.

"Maigida, miƙo hannu in auna. Kai, wannan miji nawa, ko kuɗin cefane ba ka da shi, sai tsada."

Tana gefe tana shan kunun kanwa. Ta dubi saƙar.

"Inna, ki ƙara tsawon hannun. Zai girma."

"Maigida, gaya wa uwarka ba ta san saƙa ba."

Can ta sunkuya kan yaron, ita ma ta bi ta hanyata.

"Gaya wa matarka ni na sa rai. Ita ma ta sa."

Na gama hannu ɗaya daidai awo, na rufe bakinsa. Na ajiye na tafi ba awaki dusa. Da na dawo ta yi barci a zaune, tafinta a kan ƙirjin yaron, tana jin numfashinsa ko a cikin barci. Na san wannan zaman. Na yi shi.

Na zare bakin hannun, na mayar da kibiya, na ƙara yatsa uku. Ɗayan ma haka. Jikin rigar na sake shi da faɗi. Da na sa masa, sai da na naɗe hannun sau biyu. Ta gani.

Suka yi arba'in har suka zarce, na riƙe su har sanyi ya wuce.

Da sanyin bara suka zo gaisuwa. Yana rarrafe a tsakar gida yana bin kaji, rigar a jikinsa, hannun a warware, ya ma ɗage masa. Maɓalli ɗaya ya ɓace.

"Maigida, haka ake riƙon kaya?"

Na aika kasuwa a sayo ulu.