Malam Jimadum, Mai Zana Duniya a Kan Yashi

"Inna, wai don mu ba mutanen kirki ba ne ba a sa tsibirinmu a taswira ba?"

’Yata Kellu ce ta jefo mini wannan tambayar ina juya kifi a kan wuta, ba ta daɗe da shiga sakandare a nan garin Bol ba. Mu ’yan ƙabilar Buduma ne, mazauna tsibirai, rikicin ’yan ta’adda ya koro mu daga tafki tana goye, kuma har yau kallon zargi ake bin mu da shi, wai da hannunmu a ciki. Ashe a aji cewa take ita ’yar gari ce.

Wanda ya ba ta amsa shi ne Malam Jimadum Ngarsaye, malamin labarin ƙasa, da zai ajiye alli ƙarshen wannan zangon.

Kafin ɗalibai su iso ya jingine kekensa a gindin darbejiya, ya yayyafa wa fili ruwa, ya zana duniya da sanda a kan yashi, don taswirar takardar gara ta cinye rabinta. Mutumin kudu ne, ɗan ƙabilar Sara, aiki ya kawo shi tun gashinsa na baƙi. Matarsa ta rasu, ’ya’yansa suna Njamena. Ɗaki ɗaya, rediyo, kofin shayi ɗaya. Da Sallah mukan aika masa da nama. Da Kirsimeti kuwa, ban san wanda ke ƙwanƙwasa ƙofarsa ba.

Dokarsa ita ce kowane ɗalibi ya tsaya inda aka binne cibiyar kakarsa, ya faɗi abin da ake ci a can da yadda ake gaisuwa. Ranar da aka zo kan Kellu, sai ta nufi inda aka zana cikin gari. Ita da ƙawarta Ashta suka ba ni labarin.

Wani yaro, Abakar, ya ɗaga murya: "Ke Kellu, ina zuwa? Ai ƙarnin kifinki ya riga ki isa tafki!"

Aka kwashe da dariya.

"Kai sarkin baki," in ji Malam, "kifin da ka lamushe jiya daga sama ya faɗo?"

Sai ya taka zuwa can ƙasan taswirar, inda ba kowa, ya tsaya. "Ga ni. Kowace shekara ni kaɗai nake tsayawa a nan. Rogo muke ci da miya mai yauƙi. Kun ga na mutu?"

Ya yafito Kellu, ya ƙetarar da ita teku har Amurka ta Kudu, ya nuna mata hoto. "’Yata, nan ma akwai tafki, a kan duwatsu. Mutanen wurin da ciyawar ruwa suke ɗaure jirgi, kamar kakanninki. Ba sa ɓoyewa."

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta juyo, ta shiga tsakiyar tafkinmu, ta faɗi sunan tsibirinmu da ƙarfi, ta ce, "Shanunmu iyo suke yi." Yara biyu suka bar cikin gari suka bi ta. Ashe ba ita kaɗai ke ɓoyewa ba.

Malam, kai ne baƙon da ya nuna wa ’ya’yanmu gida. Da na je yi maka godiya na ce ka kusa hutawa cikin dangi, dariya ka yi: "Maman Kellu, a can ma ɗan arewa za su kira ni." Na dawo gida da wannan maganar a ƙirjina. Mun gode. Allah ya saka maka, ya ba ka masu ɗebe maka kewa.

Har yanzu ba a turo magajin Malam ba. Malamai da iyaye, sanda da yashi ba sa wuyar samu, ku ɗauka. Ku kiyayi barin yaro yana jin kunyar asalinsa. In ba ku nuna masa inda zai tsaya ba, wani zai nuna masa, kuma mu mutanen tafki mun san waɗanda ke laɓe cikin ciyayi suna jiran irin wannan yaron.