Ai Taka Ce, Yaya

Har yau in na ji ƙanshin ciyawar da aka yanka sai raina ya ɓaci, kuma na san wanda ya jawo min. Yayan matata ne, wanda ke zaune a Birmingham.

A shekarun da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, ina aiki da kansil, wato ƙaramar hukuma, a sashen kula da lambuna da filayen wasa. Aka sallami wasu, mu da muka tsira aka rage mana kwanaki. Rabin mako ina aiki, rabin mako ina zaune a gidanmu na unguwar Gorton da ke Manchester ina kallon ruwan sama ta taga, ina ba matata haushi. Ita ce ta kora ni zuwa ɗan filin noman da muke haya a bayan layinmu, inda muke shuka alayyafo da wata yakuwa da ba ta taɓa yarda ta girma ba.

A can na ga wata tarakta. Tana cikin rumfar wani tsohon Bature mai fili kusa da namu, wanda ciwon gwiwa ya sa zai bar noman. Ƙaramar tarakta ce ta lambu, irin wadda ake hawa a yanke ciyawa, ja, ta girmi babban ɗana nesa ba kusa ba. Tayoyin sun kwanta, ɓeraye sun yi gida a kujerar. Tsohon ya ce in ina so in ja ta, ya fi masa da masu kwasar ƙarfe su tafi da ita. Babana direban tarakta ne a gonar gwamnati can wajen Zonkwa, a gefen kujerarsa na girma ina shaƙar hayaƙi. Ban ko yi shawara da kowa ba na tura ta zuwa rumfata.

Hunturu ya zo ya wuce, wani ya sake zuwa, ina kanta. Na kwance kabureta na jiƙa a tiren da matata ke gasa nama, abin da har gobe take yi min gori a kai. Na kankare tsatsa har fatar yatsuna ta tsage. Filogi da bel na samo su a kasuwar tsofaffin kaya ta ranar Lahadi, ina sulalewa daga majami'a kafin a gama gaishe-gaishe. Abu ɗaya ya gagare ni: tana ɗigar da baƙin mai ta ƙasa, robar da za ta toshe wurin kuwa an daina yin irinta. Maganin kawai shi ne kafin a tayar da ita a zare sandar awon mai a duba, a ƙara mai a cikin injin. Kullum, ba fashi.

Ranar da ta tashi, ni kaɗai a rumfa na yi ihu kamar mahaukaci. Hanyoyin da ke tsakanin filayen, da kansil ta daina yanke wa ciyawa, ni na koma yankewa. Ba wanda ya sa ni, ba wanda ya biya ni. Amma ranakun da ba ni da aiki sai na tashi da abin yi, na daina jin kaina kamar kayan da aka ajiye.

Sai Yaya ya kawo mana ziyara. Dattijon ikkilisiya ne, mai faɗa a ji, kuma shi ya tsaya a matsayin uba ranar aurenmu domin mahaifinsu ya rasu. Mutumin da ya ba ka mata, ko ido ba ka haɗawa da shi sosai. Bayan mun ci tuwo, zumuɗi ya ɗebe ni na kai shi rumfa. Ya zagaya taraktar, ya shafa kujerar da na ɗinke da hannuna.

"Kai, ƙanena, wannan abu ya yi kyau!"

"Ai taka ce, Yaya," na ce.

To me zan ce? Haka aka koya mana. Wani ya yaba rigarka, ka ce tasa ce, shi kuma ya ce a'a, Allah ya bar maka, kowa ya kama gabansa. Yaron goye ma ya san wannan. Na tsaya ina jiran amsar da aka saba.

"To madalla," in ji shi. "Allah ya yi maka albarka."

Asabar ta gaba sai ga shi da motar ɗaukar kaya, har da katakan da za a hau da ita. Ya shirya tsaf! Filin majami'arsu, wai, ciyawa ta cinye shi. Da hannuna na tura ta ciki, ina murmushi kamar wawa. Na ce masa, "Yaya, don Allah a riƙa duba baƙin mai kafin a tayar, tana ɗiga."

"Ni da na riƙe janareta shekara da shekaru a Kaduna za ka koya wa zuba mai?"

Da motar ta sha kwana na juya kan matata. Ta ce, "Maigida, kai ka ce tasa ce."

"Haba! Ke ma kin san ba haka ake nufi ba."

"Na sani. Shi ma ya sani. To ɗauki waya ka faɗa masa."

Ta san ba zan iya ba. Abin da ya fi ƙona min rai ke nan: ya san dokar sarai, ya kuma san bakina a ɗaure yake. Baƙo ne zai yi kuskure, wannan kuwa ƙwace ne da sallama. Sati-sati hotuna na shigowa wayar matata, ga Yaya a kan taraktata da babbar riga, yana ɗaga hannu kamar ɗan takara, jama'a na yi masa godiya a kan kyautar da ya yi wa ikkilisiya. Ciyawar hanyoyinmu ta dawo har gwiwa. Ni ma na koma bakin taga.

Da lokacin godiyar kaka ya zo suka gayyace mu Birmingham. A hanya na ƙulla dabarata: da igiyar da ya ɗaure ni zan ɗaure shi. Bayan sujada ya hau taraktar don mutane su gani. Hayaƙi shuɗi na tashi a bayanta, injin na wani ƙwanƙwasa da ban taɓa ji ba, kowane bugu kamar a haƙarƙarina. Da ya kashe ta, na matsa gaban dattawa, na ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Kai, Yaya, wannan tarakta ta yi kyau!"

Ya dube ni, ya gyara hula.

"Na gode, ƙanena."

Na gode! Mutumin da ke hana 'ya'yansa Turanci a kan tabarmar cin abinci, ranar nan ya zama Bature tsantsa. Na miƙa hannu zan buɗe murfin injin in duba mai, ya riƙe min wuyan hannu, wai kada in ɓata kayan Lahadi, abinci na hucewa. Shinkafar nan ban san ɗanɗanonta ba.

Ba a jima ba ya bugo waya, ba ma ni ya kira ba, ƙanwarsa ya kira. Wai abin nan na mijinki ya tsaya, ya zo ya duba. Kun ji fa, ta koma ta mijinki. Na hau bas da jakar sifanuna, ina zage-zage a zuci tun daga Manchester har muka isa.

Na same ta a bayan majami'a, ba ko leda a kanta, ruwa ya taru a kujerar. Na zare sandar awo, a bushe ƙamas. Na buɗe tankin fetur, sai ga fetur ɗin ya yi kauri ya yi duhu. Nan na gane. Ƙananan janaretocin gida ana haɗa musu fetur da baƙin mai a tanki ɗaya, shi ne Yaya ya yi ta antaya mai a cikin fetur yana ganin ya cika umarni, cikin injin kuwa ko ɗigo bai taɓa zubawa ba. Na durƙusa na leƙa ƙasa. Sandar fistin ta karye ta fasa gefen injin, rami har yatsuna biyu na shiga. Irin wannan ba a gyarawa.

Na daɗe a durƙushe a cikin laka. Ba kunyar faɗa, hawaye na yi.

Ya zo ya tsaya a kaina da lema, shi kaɗai take rufewa.

"Za ta tashi?"

"Ba za ta tashi ba, Yaya."

Ya dubi filin, ya dubi agogonsa.

"To ka san yadda za ka yi ka ɗauke ta daga nan kafin Lahadi," ya ce. "Ai taka ce."

Ni na nemo motar da ta dawo da ita Gorton. Tana rumfata har yanzu a kan bulo, na rufe ta da tsohon bargo. Yaya yana zuwa duk Kirsimeti, ina gaishe shi har ƙasa, ina zuba masa ruwan wanke hannu. Bara ya tsaya a falo yana yaba sabuwar rigar sanyina, ya shafa hannun rigar ya ce ta yi kyau ƙwarai. Matata ta daina zuba miya ta zuba min ido.

Na ce, "Na gode, Yaya."