Kaset Ɗin da Injiniya Ya Ƙi Ƙarasawa

Shekara takwas ke nan da rasuwar taubashina, Injiniya Lawan, amma har yau idan na ga ƙarti biyu sun shaƙe wuyan juna a talabijin sai hannuna ya tafi laluben waya don in kira Birmingham. Mahaifiyata da mahaifinsa ciki ɗaya suka fito, saboda haka tun muna yara a Kano kowannenmu ke iƙirarin shi ne ubangidan ɗan'uwansa. Yana ce mini bawa, ina ce masa bawa, har furfura ta cim mana a Ingila ba a raba gardamar ba. Shi yana zaune a unguwar Sparkbrook a Birmingham, injiniyan hanyoyi ne a hukumar birni. Ni kuwa ina Manchester, ina awon jini a asibiti. Duk Asabar ɗin farkon wata nakan hau bas in je in ci tuwon matarsa Hajiya Rabi, in kuma ɓata masa rai gwargwadon iko.

Abin da muke zama a kai shi ne resilin, kokawar turawa, kuma ba ta zamani ba, tsohuwar nan da muka kalla muna samari a gidan maƙwabta. Injiniya ya taho da kaset-kaset ɗinta cike da akwati tun daga Kano, ya kuma riƙe wata tsohuwar na'urar bidiyo yana lallaɓa ta kamar jaririya. Sunayen 'yan wasan na ainihi ba su taɓa damunmu ba, mu muka raɗa musu namu. Gwaninsa shi ne Jan Wando, wani dogo mai gashi har kafaɗa. Nawa kuwa Sanƙo ne, gajere, mugu, ba ya dariya ko da wasa. Na zaɓe shi ne kawai don Injiniya ya tsane shi.

To amma Injiniya yana da dokarsa, kuma a nan ne labarin yake. Kakanmu ɗan kokawa ne a ƙauye, bayan girbi har garuruwa ake gayyatarsa, kuma Lawan ya taso a gabansa. A kokawarmu ta gida, da zarar bayanka ko gwiwarka ta taɓa ƙasa an ka da kai, magana ta ƙare, sai makaɗa su ɗauka. Da wannan ma'aunin Injiniya yake kallon resilin. Da an fyaɗa mutum da ƙasa karon farko sai ya danna rimot, ya faɗi wanda ya yi nasara, ya tura kaset ɗin gaba zuwa wasa na biye. Tun a Kano ma haka yake, da an yi kaye sai ya tashi ya kaɗe wando ya fice. In ka ce masa ai ba a gama ba, sai ya ce abin da ake yi wa mutum bayan ya faɗi ba kokawa ba ce, cin zali ne, kuma shi ba ya kallon cin zali. Ku yi tunani, mutumin da ya fi kowa son resilin a cikinmu bai taɓa ganin ƙarshen wasa ko ɗaya ba.

Hirar da ake yi da 'yan wasan kuwa, wannan ba ya tsallake ta. Yakan maimaita ta har sau uku, yana kallon yadda ƙato ke zare ido yana nuna mu da yatsa. Ya ɗauke ta a matsayin kirari, yana kuma ba da maki. Jan Wando, a cewarsa, ya san yadda ake yabon kai cikin natsuwa. Sanƙo kuwa, wai kirari ba makaɗi ba amshi, ai faɗan tasha ne kawai.

Kwanan baya 'yata ta nuna mini cewa duk waɗannan wasanni yanzu suna intanet, kuma a ƙarƙashin kowanne tsofaffi irinmu daga ko'ina a duniya suna ta cacar baki a kan wanda ya fi wani. Na zauna ina karantawa ina dariya ni kaɗai. Da Injiniya yana raye da ya sami aikin yi. Da ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana rubuta musu cewa wasan ya ƙare tun a minti na biyu, su daina ɓata lokacinsu. Ina jin da an kore shi daga kowane zaure, shi kuma da ya ce duniya ce ta lalace.

Akwai wasa ɗaya da ya fi kowanne ci masa rai, ranar da Jan Wando ya haɗu da Sanƙo a kan kambu. Ko minti uku ba a yi ba Sanƙo ya ɗaga shi sama ya maka da ƙasa. Nan Injiniya yake tsayar da kaset ɗin, ya yi tagumi. Ni kuma in yi ta yi masa shaƙiyanci. Abin da ban taɓa gaya masa ba shi ne, ni na kalli wasan har ƙarshe tun a Kano, na san yadda aka kwashe. Na ja bakina na tsuke shekara talatin, domin dokarsa ta ba gwanina nasara a ɓagas, wa zai mayar da kyauta?

Sai shekarun tsuke bakin aljihu suka zo. Gwamnati ta shiga rage kashe kuɗi, ana rufe ɗakunan karatu, ana sallamar ma'aikata ta ko'ina. Wata Laraba Hajiya Rabi ta kira ni, abin da ba ta saba yi ba. Ta ce an sallami Injiniya daga aiki mako bakwai da suka wuce, ta ga takardar a aljihun kwat ɗinsa, amma bai gaya wa kowa ba har ita. Kullum da safe yana ɗaura laktaye ya ɗauki jaka ya fita. Wata ƙawarta ta gan shi zaune a benci a rukunin kantunan Perry Barr, yana kallon masu wucewa. Ya daina zuwa masallacin unguwa ranar Juma'a, sai ya tafi wani can nesa inda ba wanda ya san shi. Ta ce yana ramewa, kuma tana tsoron in ta tare shi da maganar zai ƙarasa karyewa. Gaskiya hankalina ya tashi, don na san mutumin. A wurinsa an ka da shi, magana ta ƙare.

Ranar Asabar na isa bayan azahar. Na same shi ya zabge, amma bakin nan yana nan. “Bawa, ka zo cin tuwon banza?” Na ce na zo duba dukiyata ne. Na buɗe akwatin da kaina na zaro kaset ɗin nan. Ya harare ni ya ce, “Yau ma dariyar za ka yi mini? Wallahi I'm not in the mood.” Na ce ai bawa ba ya zaɓar abin da ubangidansa zai kalla.

Sanƙo ya ɗaga Jan Wando ya maka da ƙasa. Injiniya ya miƙa hannu neman rimot, bai same shi ba, domin ina zaune a kai. Taubashi ne kaɗai zai zauna a kan rimot ɗin mutum a cikin falonsa ya kwana lafiya. Ya ce in tashi, na ce ƙafata ta yi tsami. Ya yunƙura zai je ya kashe na'urar da hannu, sai alƙalin wasa ya buga ƙasa sau ɗaya, sau biyu, kafin na uku Jan Wando ya ɗaga kafaɗa. Injiniya ya tsaya cak a tsakiyar falo. Aka sake ka da gwaninsa, ya tashi. Aka kuma, ya tashi yana layi. Ban san lokacin da Injiniya ya fara ihu ba, hularsa ta faɗi ya tattake ta bai sani ba, yana ta cewa, “Tashi, ɗan albarka! Kama ƙugun!” Da Jan Wando ya danne Sanƙo aka ƙirga uku aka miƙa masa kambu, Hajiya Rabi ta fito daga kicin da ludayi a hannu, ta zaci gobara ce.

Ya juyo ya dube ni yana haki. “Tun yaushe ka sani?” Na ce tun a Kano. Ya ce, “Shekara talatin, munafukin banza!” Ya rarumi matashin kujera ya bi ni, tsofaffi biyu muna zagaya tebur. Muka zube muna dariya har hawaye, sai na lura nasa hawayen sun ƙi tsayawa. Ya share fuska ya dubi matarsa ya ce, “Rabi, council sun rufe department ɗinmu. Ba ni da aiki.” Ta ce, “Na sani tun sati na biyu. Jira nake ka gaji da zaman benci. Ku taso, tuwo zai huce.”

Kada ku zaci ya janye dokarsa. Muna cin tuwo ya ce shi dai har gobe wannan ba kokawa ba ce, amma yaron ya yi ƙoƙari. Sai dai Juma'ar da ta biyo baya ya koma masallacin unguwarsu. Bayan an sallame salla ya tsaya a bakin ƙofa inda 'yan gida ke gaisawa, ya ce da ƙarfi, “Jama'a, an sallame ni daga aiki. Wa ya san inda ake neman tsohon injiniya?” Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kafin ya kai gida mutum biyu sun ja shi gefe, manyan mutane masu iyali, kowanne ya ce shi ma watanni ke nan yana fita da jaka ba inda za shi. Suka riƙa haɗuwa a falonsa suna gyara wa juna takardun neman aiki, in sun gaji ya sa musu kaset. Bayan wata biyar ya sami koyar da lissafi a wata kwalejin manya. Albashin bai kai na da ba, amma ban taɓa ganinsa cikin walwala irin ta shekaru huɗun da ya yi a can ba, har ciwon zuciya ya ɗauke shi. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Nakan tambayi kaina me ya rage na Lawan. Hanyoyin da ya zana an sake su, na'urar bidiyon ta mutu, ba kuma wanda zai sake ce mini bawa in ji daɗi. Ina kewarsa ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Amma abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Bara aka haɗe ɗakin awonmu da na wani asibiti, aka miƙo mini tawa takardar ina da shekara sittin da ɗaya. A bas ina ta saƙa yadda zan ɓoye, har na zaɓi inda zan riƙa zama da rana. Da na isa gida matata ta buɗe ƙofa ta ce sannu da aiki. Na ce mata, “Babu aikin, an sallame ni yau.” Ko takalmi ban cire ba.