Ranar da na 'yanta ɗan goggona

Shekara arba'in ina kiran ɗan goggona "bawana". Shi ɗan mace ne, ni ɗan namiji, kuma a wasan taubasai ni ne ubangida, ko da ya fi ni gonar shinkafa. In na je Kaoje, tun daga bakin kogi nake ƙwala kira: "Bawana, kawo tabarma!" Shi kuma ya amsa, "Maraba da ubangidan da tumbinsa ke riga shi sallama!"

Sai malamin tarihi na makarantarmu a Bagudo ya yi ritaya, aka ɗora mini ajinsa. Na zauna karanta tarihin bauta a Amurka don kada in ji kunya. Na ga yadda ake jera mutane cikin jirgi kamar kifin banda, wasu daga bakin tekun Benin ɗin nan da muke tsallakawa cin kasuwa. A sayar da uwa gabas, ɗanta yamma, ga gonar auduga ba iyaka. Sai da ƙasar ta gwabza yaƙi da kanta kafin a hana. Ni da ko zazzaɓi bai taɓa raba ni da tuwo ba, ranar a gabana ya huce.

Da na koma Kaoje, kalmar ta ƙi fita. Na ce, "Sannu, Alhaji." Zuwa uku ina ta Alhaji, Alhaji. A na huɗu bai kawo tabarma ba.

"Mi na yi maka?" ya ce, idonsa jajir. "In zumuncin ne ya ishe ka, faɗi gaban goggonka."

Na zayyana masa komai, har jirgin, har audugar. Ya juya ya kalli kogi.

"Waɗancan ba wasa aka yi da su ba. Allah ya ji ƙansu." Sai ya harare ni. "To ni a ɓoye za ka sallame ni, ko goro babu? 'Yanta ni gaban shaidu!"

Goggo ta zama shaida, da masunta biyu. Na ɗaga hannu na ce na ba shi ɗiyaucinsa. Ya ɗauko tabarmar, ya shimfiɗa, ya miƙe a kai, bai bar mini ko gefe ba.

"Ɗan kawu, ɗebo mini ruwa."

Wallahi da gudu na tafi randa, tumbi na gaba, ina gode wa Allah da ya bar mini taubashina.